Itacen gona, lafiyar gida

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata, Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Ita kuwa lafiya tana farawa tun daga ƙasar da muke nomawa, da iskar da muke shaƙa, da abin da ke shiga tukunyarmu. Duk waɗannan ukun, itace na da hannu a cikinsu.

Abin da rashin itace ya jawo

Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. A waɗannan shekaru gonaki da dama na jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa sun zama fili fetal. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, har manomi ya shuka sau biyu ko sau uku kafin gero ya kama. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara, yara suka rame. Mata suna wuni a daji neman icen girki. Wadda ba ta samu ba sai ta hura wuta da kara da kashin shanu. Hayaƙin nan yana sa tari da ciwon ido ga uwa da jaririn da ke goye, gona kuma ta rasa takinta.

Sassaben zamani

A shekarar 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura da wani abu. Tsiron sabara, kalgo da geza da ake sassabewa kowace shekara, daga kututture mai rai yake fitowa. Saiwar na nan ƙarƙashin ƙasa, tana jiran a bar ta. Da manoma suka fara gyara tsiron maimakon ƙone shi, sai ya zama itace cikin ƴan shekaru, ba dashe, ba ban ruwa. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Bayan shekara 20, masu bincike da hotunan tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun komo a gonaki hekta miliyan 5 na kudancin Nijar.

Yadda itace ke kare jiki

Na farko, abinci. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana. Ganyen ya zama taki, saiwar kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Wanda ya je Matamai ko Magarya ya ga yadda zangarniya ke girma ƙarƙashin gawo. Da rani ƴaƴansa su ciyar da awaki, awaki su ba yara madara.

Na biyu, miya. Ganyen kuka da na zogale na ɗauke da sinadaran da ke ƙara jini da ƙarfin ƙashi. Zogale na taimakawa wajen hana dundumi, wato rashin gani da dare da ke kama yara da masu ciki. Magarya, aduwa, kanya da tsamiya kuma suna nuna a lokacin da lambu ya yi nisa ga talaka.

Na uku, iska da inuwa. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka dasa dogon yaro layi-layi don tare iska, gonakin da ke tsakani suka ƙara amfani. Itatuwan da suka kewaye gari suna rage ƙurar da ke tashi kusa da gidaje. Inuwarsu tana kare tsofaffi da jarirai daga zafin watan Afrilu da Mayu.

Sai dai a kula. Hazon hunturu daga hamada yake zuwa, itace ba ya iya tsayar da shi duka. Hazon yana busar da hanci da maƙogwaro, abin da ke sauƙaƙa wa ƙwayar sanƙarau shiga jiki. Saboda haka in an kira allurar rigakafi, a kai iyali. In yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, wuyansa ya sanƙare, a garzaya asibiti ranar nan, kada a tsaya jiƙa sassaƙe.

Yadda ake yi

Lokacin gyaran gona, ka duba kututturan da suka tsiro. A kan kowane ka zaɓi tsiro 3 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran. Ka sa gatari ko adda mai kaifi, ka riƙa sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya saɓule. Ka rage rassan ƙasa har rabin tsawon tsiron. Bayan ƴan watanni ka koma ka sake gyarawa. Rassan da ka rage sun zama icen girkin gidanka.

Amma mutum ɗaya ba ya tsare daji. Wajibi ne mai gari, manoma, makiyaya, mata da ma'aikatan gandun daji su zauna su shirya dokar gari: wane itace ake sara, yaushe, da izinin wa.

Mai karatu, ka karanta wa maƙwabcinka wannan shafi. Bana kafin ka ɗaga gatari, ka tuna rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.