Ƙwayar "Sha Ka Fashe" da Tiyatar Rage Ƙiba: A Yi Hattara

Wata ɗabi'a ta samu gindin zama daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Da zarar an sa ranar aure, sai gwaggo ko yayar amarya ta aika yaro kemis ya sayo ƙwayar da ake kira "sha ka fashe", wai don yarinya ta ciko kafin a kai ta ɗaki. Ba likita, ba takardar asibiti. Matan aure ma ba a bar su a baya ba, musamman wadda aka ce za a yi wa kishiya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A 2024 binciken ƙungiyar likitoci ta MSF ya nuna yaro ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi yana fama da tamowa. Inda yunwa ta yi wannan ɓarna, dole a ɗauki rama alamar wahala, ƙiba kuwa alamar hutu. To amma abin da ƙwayar nan ke kawowa ba hutu ba ne.

Yawanci dexamethasone ce, wani lokaci a haɗa da cyproheptadine mai buɗe ciki. Ta farkon magani ce mai ƙarfi da likita ke bayarwa da lissafi, ga mai fuka ko kumburi. Idan aka daɗe ana sha, fuska ta kumbura, kitse ya taru a ciki da doron wuya, hannu da ƙafa su sirance, nankarwa ta fito, ƙashi ya yi rauni, ciwon suga da hawan jini su shigo. Al'ada ma takan rikice. Sai ka ji ana cewa "tubarkalla, aure ya karɓe ta." Haba jama'a! Cuta muke yi wa guɗa?

Wadda ta daɗe tana sha kada ta daina farat ɗaya, domin jiki ya saba, yankewa kwatsam na iya kai ta ga suma, har ga rasa rai. Ta ɗauki kwalin ta je babban asibitin garinsu, ta faɗi gaskiya, likita ya rage mata sannu a hankali. Mai kemis kuma ya ji tsoron Allah.

Maza masu teɓa da lemon kwalba da tsiren dare, ku ma da ku nake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙibar da ta zama ciwo.

Yanzu kuma ana ta yaɗawa a Facebook da TikTok cewa ai akwai tiyatar rage ƙiba. Akwai, amma ba ta kowa ba ce. Likitoci sun daɗe suna ware ta ga wanda awon nauyi da tsawonsa ya kai 40, misali mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 103, ko 35 idan akwai suga ko hawan jini. A wani nau'in ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a cire har abada. A wani kuma ana ɗinke ɗan ƙaramin tumbi a haɗa shi da hanji ta gajeriyar hanya. Tana aiki ƙwarai, har suga kan lafa wa mutane da yawa. Sai dai ɗinki kan yi yoyo, jini kan daskare a jijiya, za a sha bitamin iya rayuwa, mace kuma sai ta jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18. Kuɗin miliyoyin naira ne, a Legas ko Abuja, ko Indiya da Turkiyya. Wanda aka yi wa aiki a can, in ciki ya murɗa da tsakar dare a Zurmi, ta wace hanya zai kai Gusau?

Wanda nauyi ya hana shi sujada ko barci, ya fara da awon suga da jini, ya nemi a tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Iyaye mata, don Allah ku bar 'ya'yanku su tafi gidan miji da jikin da Allah ya ba su.