Kutsen GitHub: Darasi ga ɗaliban kwamfuta na Kazaure da Babura

A tsakiyar watan Maris na 2025, masu kutse suka gurɓata wani ƙaramin shiri mai suna tj-actions/changed-files, wanda ma'ajiyar manhajoji sama da 23,000 ke amfani da shi a dandalin GitHub. Aikinsa kawai shi ne lissafa fayilolin da aka sauya duk lokacin da mai rubuta manhaja ya tura sabon aiki.

Wannan darasi ne ga matasan da ke koyon kwamfuta a Cibiyar Fasahar Sadarwa ta Jihar Jigawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, domin irin waɗannan kayan aiki za su tarar a kasuwar neman aiki.

Yadda tsarin yake

Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, yana adana tarihin kowane gyara da aka yi wa manhaja. A GitHub, mallakin Microsoft tun 2018, ana iya tsara umarnin da zai tashi da kansa da zarar an tura fayil. Shi zai gwada aikin, ya gano kurakurai, wani lokacin ma ya ɗora shi a intanet ba tare da kowa ya taɓa komai ba.

Sai dai kafin ya yi hakan, sai an damƙa masa makullan sirri na shiga sabar kamfani.

Inda gizo ke saƙa

Maharan sun karkatar da lambobin sigogin shirin zuwa gurɓataccen rubutu. Duk ma'ajiyar da ta kira shi a lokacin, sai ya kwaso makullan ya zuba su cikin rahoton aiki. A ma'ajiyar da ke buɗe, kowa na iya karanta wannan rahoto.

Mafita

Masana tsaron intanet sun ba da shawarar ɗaure duk shirin aro da cikakkiyar lambar shaidar gyara, wadda ba ta sauyawa, maimakon lambar siga. Haka kuma a taƙaita izinin da ake ba shi, a kuma sauya duk makullin da ake zargin ya fallasa nan take.

Ga ɗalibin da ya karɓi aikin gina shafin wani asibiti ko makaranta, makulli ɗaya da ya sulale na iya tona bayanan jama'a da dama. Rigakafi dai ya fi magani.