Babur Mai Caji: Ina Gudunsa Yake Tafiya?

'Yan'uwa manoma, tun ran 29 ga Mayu 2023, sa'ad da Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin mai, kuɗin fetur a Arewa ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a lita cikin 'yan kwanaki kaɗan. Mu mutanen Illela da ma mun saba da wahalar mai, gama a shekarar 2019 gwamnati ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, har muka koma sayen na kwalba a bakin hanya. Saboda haka ba mu yi mamaki ba da waɗansu ƙungiyoyinmu suka haɗa kuɗi suka sayi ƙaramin babur mai caji, domin zuwa fadama da kai kayan lambu kasuwa. Ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, ba a yi masa juyen baƙin mai.

Amma kuka ɗaya muke ji a kowane taro, watau ba ya gudu. Wani ya ce masu kabu-kabu suna wuce shi a hanyar Ƙonni kamar yana tsaye. Wani kuma ya ce sa'ad da yake sabo yana tafiya sosai, yanzu kuwa ko mai keke yana so ya kamo shi. Daga nan sai a fara neman wanda zai "buɗe" shi.

Mu ma mun taɓa faɗawa cikin wannan. Samarin ƙungiyarmu suka kai babur wurin wani mai gyara ba da sanin kwamiti ba, ya ƙara masa batir ɗaya. Ya yi gudu kuwa, kwana biyu ana ta yabonsa. A rana ta uku, da buhun albasa a baya, a kan hanyar dawowa daga Kalmalo, sai aka ji ƙauri, babur ya tsaya cik. Aka turo shi da ƙafa cikin rana, albasa ba ta sami kasuwar Lahadi ba, kuɗin da aka ajiye domin taki kuwa ya tafi wurin gyara. Abin da muka koya bayan wannan shi ne muke so mu bayyana a nan.

Yadda babur ɗin yake aiki

Abu uku ne suke tafiyar da shi. Na fari batir. Yawancin ƙananan da ake kawowa nan suna da batir na dalma, kowane ɗaya bolt 12, an jera su huɗu su ba da bolt 48, ko biyar su ba da 60, ko shida su ba da 72. Na biyu inji, wanda yake cikin cibiyar ƙafar baya, ba sarƙa, ba giya. Na uku wani ɗan akwati ne a ƙarƙashin sirdi, masu gyara suna ce da shi kwantirola, waɗansu kuma ƙwaƙwalwa. Shi ne yake auna wutar da za ta fita daga batir zuwa inji duk lokacin da ka murɗa totur.

Mu da muke noman rani za mu gane wannan da sauƙi. Ku ɗauki batir kamar tanki a kan tudu, waya kuma kamar tiyo. Tsawon tudun shi ne bolt: in tanki ya yi sama, ruwa yakan fita da ƙarfi, haka nan in bolt ya yi yawa, ƙafa takan juya da sauri. Yawan ruwan da yake bi ta tiyo kuwa shi ne yake ba babur ƙarfin jan kaya da hawan tudu. Kwantirola shi ne mai tsaron bakin famfo. To, gudu yana bin bolt, ƙarfi yana bin yawan wuta. Wanda ya riƙe wannan ba za a ruɗe shi a wurin gyara ba.

Gudun da ake samu kyauta

Kafin a taɓa waya ko ɗaya, sai a tambaya: gudun da babur ya zo da shi, ina ya tafi? Sau da yawa yana nan, an dai danne shi ne.

A fara da taya. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana shimfiɗewa a ƙasa, tana cinye wuta, ba wanda yake lura domin babur ba ya ƙara balle a ji yana nishi. Adadin iskar da ta kamata a rubuce yake a gefen taya. A auna da ma'auni wurin mai faci da safe, kafin kwalta ta yi zafi, ba da matsa yatsa ba. A ƙasarmu mai ƙaya, taya takan yi ta sace iska a hankali har mako guda ba a sani ba, don haka a duba kowane mako. In hanyarka ta rairayi ce mai zurfi, rage iska kaɗan yana taimako, amma da ka hau kwalta sai ka maido ta.

Sa'an nan birki. A ɗaga babur a kan jaki, a juya ƙafa da hannu. In ta tsaya nan da nan, ko ana jin tana gogar wani abu, to birki yana kamawa, ko kuwa ƙura ta shiga boris. Mun ga babur da aka yi ta zargin batirinsa wata da watanni, ashe waigin birkin baya ne aka ɗaure fiye da kima. A duba kuma ɗan maɓallin da ke kusa da totur. Babura da yawa suna da mataki 1, 2 da 3, akwai kuwa mai tuƙin da ya daɗe yana tafiya a kan 1 bai sani ba.

Kaya kuma fa? Wannan ƙaramin babur ba jaki ba ne, ba kuma irin babur mai fetur ba ne da ake ɗora masa buhu uku a tsallaka iyaka. Nauyin da zai iya ɗauka yana cikin takardar da aka sayo shi da ita. In an wuce wannan, inji yakan ja wuta da yawa, bolt ya faɗi, gudu ya ragu, batir kuma ya tsufa da wuri. Yadda aka ɗaure kaya ma yana da nasa. Damin kara ko kwandon tumatir da ya fito gefe da gefe yana tare iska kamar zana. A lokacin hunturu, in kana fuskantar iskar gabas, za ka ji bambancin da kanka. A ɗaure kaya ƙasa-ƙasa, a bayan mai tuƙi, kada su fi faɗin kafaɗarsa in da hali.

Batir ne uwar tafiya

A nan ne ya kamata mu daɗe, gama batir shi ne mafi tsada a jikin babur, shi ne kuma mafi saurin lalacewa a ƙasarmu. Batir na dalma ba ya son zafi. Masana sun nuna cewa in zafin wurin da yake ya haura digiri 25, kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage kwanansa da kusan rabi. A watan Afrilu da Mayu kuwa zafin Illela yana wuce digiri 40. Wanda ya dawo daga gona da tsakar rana, batir yana zafi, ya jona caja nan take a tsakar gida, yana dafa kuɗin ƙungiya ne da hannunsa. A bar shi ya huce a inuwa tukuna, sa'an nan a sa caji inda iska take shiga.

Kada a bari ya ƙare ƙaf. Tun da gudu yana bin bolt, babur yakan rage gudu da kansa yayin da caji yake sauka, wannan ba ciwo ba ne. Amma batir na dalma da aka saba tatsewa har babur ya tsaya, ko aka bar shi kwana da kwanaki ba caji, ba ya komawa yadda yake. A sa masa caji ran da aka yi aiki da shi. A yi amfani da cajarsa ta ainihi: cajar bolt 60 ba ta bolt 48 ba ce, ko da bakinsu ya shiga. Ƙungiyar da take da farantin sola na famfon ban ruwa za ta iya tambayar mai haɗa sola ko akwai hanyar cajin babur daga nan, amma kada kowa ya jona farantin kai tsaye da batir.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Batiran nan a jere suke, wuta tana bi ta cikin kowannensu, don haka in ɗaya ya raunana, duka sun raunana, kamar shanun huɗa da ɗaya ya gurgunce. Ƙaramar mita ta auna wuta ba ta da tsada, ya kamata kowace ƙungiya ta mallaki ɗaya. Batir mai lafiya da ya cika ya huta yakan nuna wajen 12.7 zuwa 13. Wanda ya bambanta da 'yan'uwansa sosai shi ne mai laifi. In batiran sun riga sun tsufa, a canja su gaba ɗaya, gama sabo a cikin tsofaffi ba ya daɗewa. A duba kawunan batir kuma. In sun yi fari-fari ko sun kwance, a goge a ɗaure, gama wurin da ya kwance yana zafi, zafin nan kuwa wuta ce da ba ta kai ga ƙafa ba.

Abin da ake kira buɗewa

Hanya uku masu gyara suke bi. Ta fari ita ce cire takunkumi. A ƙasar Sin, inda ake ƙera yawancin baburan nan, dokar da ta fara aiki a 2019 ta ce keke mai lantarki kada ya wuce kilomita 25 a awa. A Turai ma injinsa yakan daina taimako a 25. Domin haka waɗansu kwantirola suna zuwa da 'yar siririyar waya da take hana su ba da dukan gudunsu. Gaskiya ita ce, cire wannan bai cika ƙona kome ba. Amma launin wayar ba ɗaya ba ne a kowane babur, wanda ya yanke ta kuskure zai kashe babur. Birki da ƙananan tayoyin nan kuma ba lalle an yi su domin ƙarin gudun ba, dillali kuwa ba zai karɓi babur da aka taɓa wayarsa ba.

Ta biyu ita ce narka dalma a kan wata waya mai kauri cikin kwantirola, domin ya saki wuta fiye da yadda aka yi shi. Ku tuna da misalin tiyo: wannan ƙarfin tashi yake ƙarawa, gudun ƙarshe ba ya canjawa sosai. Ladan da ake biya shi ne zafi. Inji yana zafi, maganaɗisun cikinsa yana raunana, batir yana shan wuya.

Ta uku ita ce wadda ta ci mu, watau ƙara batir. Lalle tana ƙara gudu, daga bolt 48 zuwa 60 ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Amma kayan cikin kwantirola na bolt 48 sau da yawa iyakarsu bolt 63 ce, batir biyar da suka cika kuwa suna wuce wannan. Wanda yake so ya yi haka da gaske sai ya canja kwantirola da caja, ya tabbata inji da fitilu za su ɗauka. In aka haɗa kuɗin duka, gara a sayar da babur a sayi na bolt 60 ko 72 wanda aka ƙera haka tun fari, da birkinsa daidai da gudunsa.

Akwai kuma masu ba da shawarar a koma batir na litiyom. Ba shi da nauyi kamar na dalma, yana kuma riƙe bolt ɗinsa har caji ya kusa ƙarewa, saboda haka babur ba ya sanyi a tsakiyar tafiya. Mai kyau abu ne mai kyau. Amma wanda aka harhaɗa daga tsofaffin ƙwayoyi, ko aka sa masa cajar da ba tasa ba, yana iya kama wuta, wutarsa kuwa tana da wuyar kashewa. A birnin New York na Amurka, a shekarar 2023 kaɗai, irin wannan batir ya jawo gobara 268, mutum 18 suka mutu. Su da suke da motocin kashe gobara ke nan. Mu da muke da rumbu da zana da damin harawa a tsakar gida, kada mu sa shi caji a ɗakin kwana ko kusa da rumbu.

Mu yi lissafi

A ce gonarka tana da nisan kilomita 10. Da gudun kilomita 25 a awa za ka kai cikin minti 24. Da gudun 40 za ka kai cikin minti 15. Ribarka minti 9. Amma turin iska yana ninkuwa huɗu in gudu ya ninku biyu, don haka cajin da yake kai ka ya dawo da kai zai iya ƙarewa a hanya. Nisan da babur yake ja kafin birki ya tsai da shi, a gudun 40 ya fi ninki biyu da rabi na gudun 25. Ku tuna da ranar Lahadi a Illela, da shanu da raƙuma da manyan motoci da yara masu talla, ga shi kuma babur ɗin ba ya ƙara, akuya ba ta jin zuwansa, tsoho ma haka. Hular kwano da oda mai aiki sun zama tilas ko ba a buɗe shi ba. Zuwa Sakkwato kuwa, fiye da kilomita 80 ta Gwadabawa da Kware, ba aikin ƙaramin babur ba ne kome buɗewarsa, sai a shiga mota.

A ƙungiyarmu yanzu mun sa mutum ɗaya ya zama mai kula da babur. Yana da littafi inda yake rubuta wanda ya ɗauka, da inda ya je, da irin kayan da ya ɗora. Kowace Asabar yana auna iskar taya, yana juya ƙafa a kan jaki, sau ɗaya a wata kuma yana auna batir ɗaya ɗaya ya rubuta. Ba mai kai babur wurin gyara sai da sanin shugaba da ma'aji. Duk wanda ya ɗauka yana sa ɗan abu a asusun batir, domin ran da za a canja kada a taɓa kuɗin taki. Ƙungiyar da ba ta da mita tukuna, sakatarenta ya zo da babur taron wata mai zuwa, za mu auna tare.