Ƙurjin Leɓe Da Jariri: Wa Zai Gaya Wa Kaka?

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya sauko ya busar da leɓɓa, duk wanda ya zaga Zongon Parakou ko kasuwar Djougou ba zai rasa ganin mutane da 'yan ƙuraje masu ruwa a gefen baki ba. Mu kan ce zazzaɓi ne ya fita, a asibiti kuma su ce "bouton de fièvre". Babba ba ya ko kula da su, don cikin kwana 7 zuwa 10 sun bushe sun faɗi. To amma wannan abin da babba ya raina yana iya halaka jaririn mako guda.

Ba zazzaɓin ne ke haifar da ƙurjin ba, tada shi kawai yake yi. Wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira herpes, mai lamba ta ɗaya. Galibi tun mutum yana yaro take shigarsa ta hanyar yawu, ta je ta laɓe cikin jijiyar fuska har ƙarshen rayuwa. In zazzaɓin cizon sauro ko mura ko zafin rana ko gajiya suka raunana jiki, sai ta leƙo a leɓe. A shekarar 1988 ne aka ba Gertrude Elion ta Amurka lambar Nobel, wadda a ɗakin bincikenta aka samar da maganin aciclovir. Yana danne ƙwayar, amma ba ya fitar da ita. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 3,700 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da ita, a Afirka kuwa kashi 87 cikin ɗari ne. Ke nan ba alamar ƙazanta ba ce, ba kuma abin a nuna wani da yatsa ba.

Haɗarin yana ga makonni shida na farko, kafin jikin jariri ya iya kare kansa. A wannan lokaci ƙwayar ba ta tsayawa a leɓe, tana iya shiga ido da hanta da ƙwaƙwalwa. Abin ba ya yawan faruwa, kuma mafi yawan jariran da suka kamu wajen haihuwa suke ɗauka, amma kamar ɗaya cikin goma bayan haihuwa ne, daga bakin wani ko hannunsa. Wannan ɗayan kuwa a hannunmu yake.

Mai karatu ya duba yadda muke yi. Daga ranar haihuwa 'yan barka ba su yankewa, ran suna kuma jariri ya bi hannu hannu tun safe har la'asar. Wannan ta sumbace shi, waccan ta yi masa addu'a ta tofa. Akwai kuma tauna dabino a shafa masa a dasashi don neman albarka. Ba wanda ya ce a bar wannan. Sai dai a zaɓi wanda bakinsa ke lafiya, mai ƙurji kuma ya yi addu'arsa daga nesa. A sani cewa ƙurjin yana yaɗuwa tun daga lokacin da leɓe ya fara ƙaiƙayi da zafi, kafin ido ya gan shi, har sai ya warke sarai.

Inda wuyar take shi ne wa zai faɗa. Mai jego, musamman mai haihuwar fari, kunya ba za ta bar ta ta ɗaga ido ta ce wa uwar miji ko gwaggo, "Iya, kada ki sumbace shi" ba. In ma ta faɗa, kafin magariba labari ya kai ko'ina cewa 'yar boko ta hana dangi taɓa ɗanta, mu kuwa a Zongo gida gida ne, kowa ɗan'uwan kowa. A ganina wannan nauyi bai kamata a ɗora wa yarinya ba. Na maigida ne, ko na tsohuwar da ke yi mata wankan jego, don ita maganarta ba a musawa. Da ta ce, "Hajiya, likita ya ce mai fitar baki ya dakata tukuna," zance ya ƙare. In da hali ma a faɗa wa kowa tun kafin suna, don kada wata ta ga kamar ita aka nufa.

Yaro mai wata 6 zuwa shekara 5 kuwa, kamuwar farko kan zo masa da zazzaɓi, dasashi ya kumbura, baki ya cika da gyambo, yawu na zuba. Sau da yawa sai a ce haƙori ne. Yakan warke cikin mako biyu, abin tsoro dai shi ne ya ƙi shan ruwa saboda raɗaɗi har jikinsa ya bushe. A riƙa ba shi ruwa da kunu mai sanyi kaɗan kaɗan, kada a ba shi asfirin. Mai ƙurji kada ya tauna masa abinci, kada ya ɗanɗana kunu da ludayin yaron, kada su haɗa moɗa ko tawul.

Jariri ɗan ƙasa da mako shida da ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi yana barcin da ba a iya tada shi, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko aka ga ƙuraje masu ruwa a fatarsa ko kusa da ido, ba a jira gari ya waye. Wani ma ba ya fitar da ƙurji ko ɗaya. A Parakou a nufi babban asibitin jihar Borgou, a Djougou kuma asibitin Ordre de Malte, a kuma gaya wa likita cewa akwai mai ƙurjin leɓe a gidan. Jariri ta jijiya ake ba shi aciclovir, kwana 14 zuwa 21, saboda haka man shafawa na farmasi ba zai yi masa komi ba.

In uwar ce da kanta ke da ƙurjin, ta ci gaba da shayarwa. Ta wanke hannu da sabulu kafin ta ɗauke shi, ta rufe baki da ƙyalle mai tsabta, ta dakata da sumba. Sai in ƙurjin ya fito a kan nono ne za ta bar shayarwa da wannan ɓangaren, ta je likita ya duba.