Amsoshin Wasiƙunku: Yarona Yana Son Sayen Motar Da Ta Girme Ni

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a yankin Giwa ta Jihar Kaduna, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Ya ce ɗansa na fari yana karatu a Jihar Ohayo ta ƙasar Amurka, yana kuma ɗan taɓa aiki. Yaron ya bugo waya ya ce ya ga mota, Ford Mustang ƙirar 1966, mai ita yana neman dala 8,000, shi kuwa rabin kuɗin ke hannunsa. Ya ce in ya saya zai riƙa gyara ta kaɗan-kaɗan da kansa har ta zama abin kallo. Alhaji ya ce kafin ya cika masa, sai ya fitar da masarar da ya ajiye yana jiran ta yi daraja. Shi ne yake tambaya: wace irin mota ce wannan da ta girme shi da shekara 2 amma har yanzu ake kiran wannan kuɗi a kanta, kuma shin dabara ce a saya wa yaron da bai taɓa mallakar mota ba?

To Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa, kuma ka yi kyan kai da ka tsaya tambaya kafin ka buɗe sito.

Irin waɗannan motoci Amurkawa suna yi musu wani laƙabi da ke nufin "mota mai ƙwanji". Dabarar ba wuyar ganewa: a ɗauki mota matsakaiciya mai ƙofa 2, a cusa mata injin babbar mota mai silinda 8, a sayar wa samari a kan kuɗin da za su iya. Galibi ana cewa Pontiac GTO ta 1964 ce ta buɗe fagen, da injinta mai lita 6.4 da ƙarfin doki 325. Don ka kwatanta, Peugeot 504, wato Fijon nan tamu da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, silinda 4 gare ta, lita 2, kuma ƙarfin irin wadda muka saba da ita bai cika doki 100 ba. Ita Mustang, wadda sunanta ke nufin dokin jeji, ta fito ranar 17 ga Afrilu, 1964 a kan dala 2,368, kuma kafin ta cika shekara 2 an ƙera miliyan 1. Masanan motoci suna cewa ita ƙanwa ce, ba ta kai cikakkiyar mai ƙwanji ba sai wadda aka sa wa babban inji. Wannan gardamarsu ce, mu bar musu.

Zamanin bai yi tsawo ba. Kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi saboda yawan haɗarin samari, gwamnati ta kafa dokar rage hayaƙi a 1970, sannan a watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa suka sa wa Amurka takunkumin mai, fetur ya yi tsada. Nan kasuwar ta mutu. Samarin wancan lokaci su ne dattawan yau masu kuɗi, kuma kowa yana neman motar da ya yi sha'awa yana yaro. Abin da ya ɗaga farashin ke nan. Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, an yi gwanjonta a watan Janairu na 2020 a kan dala miliyan 3.74.

Amma fa ta yaronka ba wannan ba ce. A 1966 kaɗai an ƙera Mustang sama da 600,000, kuma ba duka ke da daraja ɗaya ba. Ka ce ya karanto maka lambar shasi, ya duba harafi na 5. In ya ga T, mai silinda 6 ce, lita 3.3, doki 120, ita ce mafi araha. In C ne ko A, mai silinda 8 ce, lita 4.7, doki 200 ko 225. In kuwa K ne, doki 271, ba mai sayar masa da lafiyayyarta a kan dala 8,000, sai ya yi hattara da mai motar.

Abin da ya fi inji muhimmanci shi ne tsatsa, kuma a nan ne hankalina bai kwanta ba da na ji ka ce Ohayo. Can ana dusar ƙanƙara, kuma lokacin hunturu hukuma tana watsa gishiri a kan titi don ƙanƙarar ta narke. Gishirin nan yana cin ƙarfe kamar yadda gara ke cin azara, daga ciki, ba ka gani sai rufin ya rufto. Mustang kuma ba ta da shasi dabam irin na a-kori-kura da ake ɗora bodi a kai. Bodin shi ne shasin. In ƙasan ya ruɓe, motar gaba ɗaya ta ruɓe. Shi ya sa masu neman irin waɗannan motoci suke tafiya jihohi masu bushewa kamar Arizona. Inji in ya mutu ana sauke shi a ɗora wani cikin kwana 2. Tsatsa kuwa sai yanka da walda, kuma a Amurka ladan mai walda da awa ake lissafawa, aikin sati ɗaya yana iya cinye kuɗin motar.

Don haka kada a yi cinikin biri a sama. Ya biya makaniken da ba ruwansa da mai motar, a ɗaga ta sama a duba ƙasanta. Ya ɗaga kafet ya ga daɓen. Ya tafi da maganaɗisu ya riƙa manna shi a ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi. Duk inda ya ƙi kamawa, to an cike rami ne da fila aka bi da fenti. Akwai kuma wani gwaji da masu Mustang suka sani: a gaban gilashin gaba akwai 'yan ramukan shan iska, sai a kwarara ruwa bokiti guda a ciki. In ruwan ya ɗigo a ƙafar direba, wurin ya ruɓe, kuma gyaransa sai an kwance gaban motar kusan duka. In an ga haka, ya yi sallama da mai motar ya kama hanya, komai kyan fentinta.

To a ce ta tsallake wannan. Ina kuɗin gyara zai fara zuwa? Na san abin da ke ran yaro, domin duk samari haka suke: salansa mai ƙara, da taya mai faɗi, da sabuwar kafireta. Ni ma na yi. Motata ta farko tsohuwar Fijo ce da na saya ina koyarwa a firamare, albashin wata 2 na zuba a fenti da rediyo, ban ko leƙa burki ba. Ranar da ya tsinke mini a gangare, katangar wani bawan Allah ce ta tsayar da ni, na biya ginin katanga, na sake biyan fenti.

Burki shi ne farko. Mustang ta 1966 tukunyar man burkinta, wadda makanikai ke kira masta, ɗaki ɗaya gare ta, shi ke ba duka ƙafafu 4. In bututu ɗaya ya huje a ko'ina, burkin duka ya tafi, sai ka ji ƙafarka ta taɓa ƙasa. Daga ƙirar 1967 aka koma mai ɗaki 2, gaba dabam baya dabam, kuma daga 1968 doka ta tilasta haka. Canza wannan masta ba shi da tsada, shi ne gyara mafi riba a motar duka. A haɗa da sababbin bututu da tiyo. Sannan yawancinsu burkin durom gare su gaba da baya, wanda in ya ɗauki zafi yake daina kamawa. Ana sayar da kayan mayar da na gaba ya zama mai faifai irin na motocin yanzu. In aljihu bai kai ba a jinkirta, amma a gyara durom ɗin sosai, a kuma riƙa barin tazara.

Daga burki sai taya, kuma wannan ya shafe mu duka, har mai a-kori-kura da ke kai kaya kasuwar ƙauye. Taya tana tsufa ko ba a taka ta ba. A gefenta akwai lamba 4 a ƙarshen wani rubutu da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. In lamba 3 ka gani, tun kafin 2000 aka yi ta. Motar da ta daɗe a ajiye takan zo da taya mai zane raɗau amma robar ta bushe. Duk wadda ta kai shekara 10 a jefar, ba sai an yi shawara ba. Bayan taya sai shokozoba da robobin ƙafa da duk wani abu da ke sa sitiyari wasa.

Sai maganar wuta. Fetur ɗin da ake sayarwa a Amurka yanzu galibi akwai kashi 10 cikin 100 na sinadarin etanol a ciki, wanda da masara suke yin sa, Alhaji, irin taka. Wannan sinadari yana cin tsohon tiyon roba, mai ya riƙa ɗiga a kan inji mai zafi. A canza tiyon mai duka, a sa rewaya ya bi wayoyin da suka shekara kusan 60, a ajiye tukunyar kashe gobara a mota. Wani abu kuma da ba kowa ya sani ba: a Mustang daga ta farko har ƙirar 1970, saman tankin mai shi ne daɓen but. In an buge ta ta baya tankin ya fashe, ba abin da ya raba man da masu zama a ciki sai kujerar baya. Masu hankali suna sa farantin ƙarfe a bayan kujerar. A kuma sa bel mai ratsa kafaɗa, domin nata na asali a ƙugu kawai yake tsayawa.

Sai an gama duk wannan za a waiwayi inji, kuma a nan ma abin da nake so ya nema shi ne ta tashi kowace safiya. Duk wanda ya riƙe Fijo ya san wahalar kwantak, yau a goge gobe a saita. Ana sayar da wata 'yar na'urar lantarki da ake sawa a madadinsa cikin distiributa, aikin awa ɗaya, an huta. A wanke kafireta, a wanke lagireto ko a canza, sabon fambel da filogi. Daɗin abin shi ne waɗannan injina ba kwamfuta a cikinsu, yaro mai haƙuri da littafin gyara da 'yan sifanu zai yi rabin aikin da kansa, kuma kayan Mustang kusan kowane ƙusa ana ƙera sabonsa har yau. Wannan gaskiya ce a cikin maganar yaronka, ban ƙi ta ba.

Inda zan ja masa kunne shi ne in ya ce zai sayi mai silinda 6 da araha, daga baya ya ɗora mata mai 8. Mai silinda 6 noti 4 ke riƙe da tayarta, mai 8 noti 5. Burkinta ƙarami ne, ƙafafunta da aksul ɗin baya ma haka. Ɗora babban inji yana nufin canza duk waɗannan. In an ƙi, an ɗaura wa jaki kayan raƙumi. A ganina ma, ga sabon direba, doki 120 ya ishe shi har ya yi yawa a kan titi mai santsin ƙanƙara da motar da tayar baya ke turawa.

Akwai kuɗin da ba a gani ranar ciniki. Mai silinda 8 da wuya ta ba shi fiye da kilomita 6 ko 7 a lita cikin gari. Inshora mai sauƙi da ake yi wa tsofaffin motoci kuwa, yawancin kamfanoni ba sa bayarwa sai kana da wata motar ta zirga-zirgar yau da kullum, kuma ba su cika son matasa ba.

Sannan akwai abin da kuɗi ba ya gyarawa. Mutanenmu suna cewa motar da ƙarfe ce, ta yanzu gwangwani. A 2009 cibiyar gwajin haɗari ta kamfanonin inshorar Amurka ta haɗa Chevrolet ta 1959 da Chevrolet ta 2009 gaba da gaba. Sabuwar gabanta ya lotse amma ɗakin direba bai motsa ba. Tsohuwar kuwa ta rufta a kan mutum-mutumin da ke mazaunin direba. Mustang ta 1966 ba ta da jakar iska, kujerarta ba matokarar ƙeya, sandar sitiyarinta kuma ƙarfe ne miƙaƙƙe mai fuskantar ƙirji, sai a ƙirar 1968 aka sa mai lanƙwashewa.

To Alhaji, ga amsata. In wannan ce motar da zai dogara da ita zuwa makaranta da wurin aiki, rani da hunturu, kada ka taɓa masararka. Dala 4,000 da ke hannunsa ya nemi 'yar Toyota ko Honda ta hannu da ita, ya koyi tuƙi a kanta. In kuwa yana da bas ko wata hanyar zuwa aiki, yana da inda zai ajiye ta a rufe lokacin gishiri, kuma makanike ya duba ƙasanta ya ce lafiya, to ana iya magana, bisa sharaɗin kuɗin ba zai ƙare a ciniki ba. Ya taya ƙasa, a ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na abin da kuka haɗa don burki da taya da tiyo, kuma kai ka riƙe wannan kason a hannunka. Ka ce ya aiko maka da hoton lambar shasi, da hoton ƙasan motar tana ɗage, da takardar makanike. Kuɗin burki ka tura in ya nuna rasit. Na salansa ya nema da guminsa.