Kyauta, Rance da Dalar Ƙarshe: Kalmomin Tallafin Karatu a Jihohin Amurka

Duk shekara, daga wajen watan Maris zuwa Afrilu, jami'o'in Amurka kan aika wa yaran da suka ba gurbin karatu wata takarda cike da lambobi. A sama an rubuta abin da karatun shekara zai ci. A ƙasa an jera kuɗaɗe iri-iri, an haɗa jimla, an kira ta tallafi. Magidanci mai tuƙin tasi a unguwar Bronx ta birnin Niyok, inda Hausawan zangunan Gana da na Nijar suke da yawa, yana iya ganin dala 20,000 ya yi hamdala, ya buga waya gida a taya shi murna. Abin da ya kuɓuce masa shi ne, a cikin jimlar nan akwai wanda aka ba ɗansa, akwai wanda aka ranta masa, akwai kuma wanda sai yaron ya yi aiki za a biya shi. Duka ukun inuwa ɗaya aka saka su a takardar, kuma kalmar da ke gefen kowace lamba ce kaɗai take bambanta su.

Na farko shi ne kyauta, kuɗin da ba a mayarwa. Idan don ƙarancin hali aka bayar, tallafin buƙata ne. Idan don ƙoƙarin yaro a aji ne, shi ne abin da muka saba kira sikolashif, ko da yake jihohi kan cuɗa sunayen yadda suka ga dama. Na biyu rance ne, kuma galibinsa daga gwamnatin tarayya yake fitowa. Iri biyu ne: akwai wanda gwamnati take ɗauke wa ɗalibi kuɗin ruwansa muddin yana makaranta, akwai wanda ruwansa yake fara taruwa tun ranar da aka saki kuɗin. Ana fara biya wata shida bayan barin makaranta, ko an gama ko ba a gama ba. Wanda ya san rancen NELFUND da aka fara a Najeriya a 2024, wanda babu ruwa a kansa, kada ya yi zaton na Amurka haka yake. Gidan da ke gudun riba yana da damar karɓar kyautar ya ƙi rancen, don ba dole ba ne a karɓi duk abin da ke takardar. Na uku, aikin ɗalibi, shi ne ya fi yaudarar ido. Lambar da aka rubuta iyakar abin da yaro zai iya samu ce idan ya nemi aiki a ɗakin karatu ko wani ofis na jami'a, aka ɗauke shi, ya yi awanninsa. Albashi ne, kuma ba ya rage ko sisi daga kuɗin rajistar ranar farko.

Ƙofar shiga kusan duka wannan fom ɗaya ne na gwamnatin tarayya mai suna FAFSA. Kyauta ake cika shi, don haka duk wanda ya ce a biya shi kafin ya buɗe shi ɗan damfara ne. A al'ada ana buɗe shi ranar 1 ga Oktoba, kuma kowace shekara sai an sake cikewa. Jihohi da yawa ba su da nasu fom ɗin, bayanan wannan suke ɗauka su yanke hukunci. Wasu kuma, irin su Niyok mai shirin TAP, suna ƙara nasu a kai. Fom ɗin yana duba kuɗin shigar iyaye na shekara biyu baya, ya fitar da wata lamba da ake kira SAI. Kafin shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 sunanta EFC, wato gudunmawar da ake tsammani daga gida, aka sauya sunan saboda iyaye suna ɗaukar lambar a matsayin abin da za su biya, alhali ma'auni ce kawai. Iya ƙanƙantarta iya yawan buƙatar ɗalibi, har tana iya sauka ƙasa da sifili zuwa -1,500.

Ita kanta kalmar buƙata lissafi ce a wurinsu. Jami'a takan ƙiyasta tsadar zama ɗalibi na shekara, wato kuɗin makaranta, ɗaki, abinci, littattafai, sufuri da ƙananan hidimomi. Sai a cire SAI daga wannan jimla, abin da ya rage shi ne buƙata. Ba a yi alkawarin cike ta ba. Sau da yawa giɓi yakan saura, kuma giɓin nan gida ne zai san yadda zai yi da shi. Fom ɗin bai da gurbin rubuta kuɗin da uba yake aika wa tsohuwarsa a Kumasi ko Damagaram duk wata, ko na makarantar 'ya'yan ƙaninsa. A idon lissafin, mutumin da ke ɗauke da gida biyu daidai yake da maƙwabcinsa mai ɗauke da gida ɗaya. Haka kuma yaron da bai kai shekara 24 ba, bai yi aure ba, ba shi da ɗa da yake ciyarwa, bai yi aikin soja ba, galibi ana ƙirga shi a ƙarƙashin iyaye ko da shi yake ciyar da kansa. Inda halin gida ya sauya, kamar rasa aiki ko rasuwa, ofishin tallafi na jami'a yana da ikon sake duba lissafin, amma sai an je an nema da takardun shaida.

Kalmar da ta fi rikita mutanenmu ita ce mazauni. A Najeriya, wanda ke neman tallafin hukumar sikolashif ta jiha takardar ƙaramar hukuma yake kawowa, ta shaida cewa shi ɗan asalin jihar ne. Ko a Legas aka haife shi, ko sau biyu ya taɓa zuwa garin kakansa, asali ya ba shi haƙƙi. A Amurka babu mai tambayar inda aka binne cibiyar kowa. Tambayarsu ita ce, ina kake zaune, tun yaushe, kuma da niyyar zama ka zo? Jihohi da yawa wata 12 suke nema, da shaidu irin su lasisin tuƙi, takardar hayar gida da takardar biyan haraji, kuma ga yaron da ke ƙarƙashin iyaye zaman iyayen ake dubawa. Zaman da aka yi don karatu kawai ba ya shiga lissafi. Bambancin kuwa ba ƙarami ba ne. A Jami'ar Kalifoniya, ɗalibin da ba mazaunin jihar ba yana biyan ƙarin fiye da dala 30,000 a shekara a kan abin da ɗan ajinsa mazauni yake biya, aji ɗaya, malami ɗaya.

A nan ya kamata matasanmu su yi hattara da tallace-tallacen da ke yawo a Facebook da WhatsApp cewa jiha kaza a Amurka ta mayar da karatu kyauta, a hanzarta nema. Wanda zai tashi daga Kano ko Yamai da bizar ɗalibi ta F-1 ba ya cikin waɗanda aka yi wa waɗannan shirye-shiryen. Sharaɗin bizarsa ma shi ne zai koma gida, don haka ba zai zama mazauni ba ko ya shekara huɗu. Tallafin tarayya na ɗan ƙasa ne, da mai katin zama na dindindin, da ɗan gudun hijirar da aka karɓa, da wasu 'yan rukunoni kaɗan. Kalifoniya tana da fom na dabam don yaran da ba su da takardun zama amma suka yi sakandare a jihar, kuma shi ma bai haɗa da mai bizar ɗalibi ba. Baƙon ɗalibi, aljihun jami'ar kanta zai nufa, ko wata gidauniya.

Tallafin hazaƙa kuwa, jihar Jojiya ce ta fito da shi fili. A 1993, zamanin gwamna Zell Miller, ta fara shirin HOPE: yaron da ya gama sakandare da matsakaicin maki 3.0 cikin 4 zai sami taimakon kuɗin makaranta a cikin jihar. Da farko akwai iyakar kuɗin shiga ta dala 66,000, aka ɗaga ta, a 1995 aka cire ta ɗungurungum, ɗan attajiri da ɗan talaka suka zama ɗaya. Filorida ta bi sahu a 1997 da nata mai suna Bright Futures. Kuɗin shirye-shiryen biyu daga cacar gwamnati yake fitowa. Ko an ajiye hukuncin caca a gefe, abin yana da ɗaci, domin masu ƙaramin ƙarfi ne suke zuba kaso mafi girma na abin hannunsu a tikitin caca, 'ya'yan gidajen da ke da hali kuma su ne suka fi samun makin da ake nema. Kuma samu ba riƙewa ba ne. A shirin HOPE, ana sake duba makin ɗalibi bayan kiredit 30, da 60, da 90, wato awon yawan darussan da ya ɗauka, wanda ya sauka ƙasa da 3.0 kuɗin ya tsaya.

Sai dalar ƙarshe, wadda a ganina ita ce kalmar da ta fi cancanci a tsaya a kanta, don ita ce ke ɓoye a bayan yawancin alkawuran karatu kyauta. Shirin Tennessee Promise, wanda gwamna Bill Haslam ya sa wa hannu a 2014, ya yi alkawarin shekara biyu a kwalejin al'umma ba tare da kuɗin makaranta ba, da sharaɗin ɗalibi ya yi aikin sa-kai na awa takwas kowane zango. Amma jihar ba ta fara biya. Sai an zuba duk wata kyauta da ɗalibi ya samu, musamman ta tarayya mai suna Pell, sannan jiha ta cike abin da ya saura na kuɗin makaranta. A ɗauki misali. A ce kuɗin makaranta dala 4,500 ne a shekara. Ɗiyar mai sharar ofis ta sami Pell cikakke, wanda ya kai dala 7,395 a shekarar 2024 zuwa 2025. Ya riga ya rufe kuɗin makarantarta, saboda haka jiha ba za ta ba ta komai ba. Ɗan ma'aikacin banki bai cancanci Pell ba, sai jiha ta biya masa 4,500 ɗin cif. Yarinyar ba ta yi asarar abin da take da shi ba, amma shirin da aka yi ta yayatawa bai ƙara mata ko taro ba, alhali hayar ɗaki da abinci da kuɗin mota su ne suke korar irinta daga makaranta. Kishiyarsa, dalar farko, shi ne jiha ta biya kuɗin makaranta tun fari, Pell ya zauna a hannun ɗalibi ya ci abinci ya sayi littafi. Ya fi tsada, shi ya sa jihohi ba su cika zaɓarsa ba.

Akwai tarko kuma a kalmar cikakken ɗalibi. A ƙa'ida, kiredit 12 a zango ya isa a kira mutum haka. Amma digiri na farko yawanci kiredit 120 ne, kuma 12 sau zango takwas 96 ne. Wanda ya tsaya a 12 zai kai ƙarshen shekara ta huɗu da sauran kiredit 24 a gabansa, daidai lokacin da tallafin jiha irin Cal Grant na Kalifoniya, mai wa'adin shekara huɗu, ya ƙare. Ga kuma sharaɗin ci gaba mai gamsarwa, wanda a yawancin makarantu yake nufin maki 2.0 da cin kashi biyu cikin uku na darussan da aka yi wa rajista. Darasin da aka janye daga cikinsa a tsakiyar zango yana shiga lissafin waɗanda ba a ci ba. Wa'adin nema ma kowace jiha da nata. Na Cal Grant a al'ada 2 ga Maris ne, wasu jihohin kuma rabawa suke yi har kuɗin ya ƙare, wanda ya makara ya tarar an kwashe tukunya.

Excelsior na jihar Niyok, wanda aka fara a 2017 zamanin gwamna Andrew Cuomo, ya tattara kusan duk waɗannan a wuri ɗaya. Na mazauna ne, na gidajen da kuɗin shigarsu bai wuce dala 125,000 ba, a jami'o'in gwamnati na SUNY da CUNY. Na dalar ƙarshe ne, kuma yana neman kiredit 30 a shekara. Sannan yana da wani sharaɗi da ake sa wa hannu a yarjejeniya: bayan kammala karatu, dole ɗalibi ya zauna a jihar, idan yana aiki ya yi shi a cikinta, na adadin shekarun da ya ci tallafin. Yarinyar Bronx da ta ci shekara huɗu, aka ɗaura mata aure ta tare a Teksas, ko saurayin da ya ce zai koma Akara ya fara kasuwanci da digirinsa, kyautarsu takan rikiɗa ta zama rance. Babu ruwa a kansa, amma takardar neman biya za ta iso.