Shin Ko Kun San? Ma'aikatan Jinya Ma Suna da Yarjejeniyarsu ta Duniya

Shin ko kun san cewa nas ɗin da ke kwana a tsaye a Babban Asibitin Kagarko, akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da aka rubuta musamman domin aikinta? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ita ta amince da ita a Janiba a watan Yunin 1977, da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya. Lambarta 149, kuma ta fara aiki a 1979.

Shin ko kun san abin da ta nema? Kowace ƙasa ta tsara manufa kan aikin jinya, tare da masu aikin, ba a bayan idonsu ba. A ba su horo da albashin da zai jawo matasa cikin aikin, ya kuma hana su barinsa. Lokacin aiki, hutun mako, hutun shekara, hutun haihuwa, hutun rashin lafiya da na ƙaro karatu, duk kada su gaza na sauran ma'aikatan ƙasa.

Takardar shawarwari mai lamba 157 da ta zo tare da ita ta fi shiga ƙwaƙƙwafi. Awa 8 a rana, 40 a mako. Ko da ƙarin lokaci, kada aikin yini ya wuce awa 12. Hutun mako awa 48, in ya yi ƙaranci 36 a jere. Hutun shekara aƙalla mako huɗu, da albashi. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitin karkara, ya ga nas ɗaya tana zagaya ɗaki cike da gadaje har asuba, ya san nisan da ke tsakanin wannan takarda da abin da ke ƙasa. Kuma gajiyar nas ba ita kaɗai take cutarwa ba. Hannun da ya gaji shi ke auna magani.

Shin ko kun san Gana, Gini, Masar, Kenya da Zambiya sun rattaba hannu a kan yarjejeniyar, amma Najeriya, wadda ta shiga ILO tun 1960, ba ta yi ba?

Shin ko kun san Kudancin Kaduna gidan horar da ma'aikatan jinya ne? Kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta jihar tana Kafanchan, ga ta St. Louis a Zonkwa. Iyaye na sayar da citta su biya kuɗin makaranta. To ina ɗaliban suke zuwa bayan sun gama? Kagarko tana maƙwabtaka da Abuja, daga Abuja kuma jirgi ne zuwa Ingila ko Saudiyya. A 2024, Dokta Faruk Abubakar, shugaban hukumar rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, ya ce ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku.

A Fabrairun shekarar hukumar ta ce sai nas ta yi aikin shekara biyu kafin a tantance mata takardun fita. Ma'aikatan suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. A ganina gaskiya na wajensu: toshe ƙofa ba ya gyara albashi, ba ya kawo safar hannu ko wutar lantarki ɗakin haihuwa.

Sai maganar tsaro. A Afrilun 2021 'yan bindiga sun sace ma'aikatan jinya biyu suna bakin aikin dare a Babban Asibitin Idon, a ƙaramar hukumar Kajuru. A 2022 Najeriya ta amince da yarjejeniyar ILO ta 190 kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, abin a yaba.

Shin ko kun san a ranar 30 ga Yulin 2025 'yan ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, NANNM, suka shiga yajin aikin gargaɗi? Cikin buƙatunsu akwai alawus na aikin karɓa-karɓa, kuɗin yunifom, tsarin albashi nasu na kansu, da ɗaukar ƙarin ma'aikata. Galibinsu suna cikin batutuwan da aka tattauna a Janiba shekara 48 kafin nan.